Kiran da Aka Jera Cikin Kwaɗi

Ranar wata Talata ce, rana ta yi ja, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gidan Malam Yahuza a Wudil. Ɗansa Mudassir, mai haɗa wa mawaƙan biki kiɗa a kwamfuta, yana ɗakin zaure. Sautuka sun yi masa yawa: kalangu, sarewa, tafi, har da waɗanda ya naɗo da kansa a bakin kogi. Manhaja biyu aka nuna masa. Ɗaya kai za ka saurari kowane sauti ka raɗa masa suna, ɗayar kuwa ita ke sauraro ta raba su gida-gida. Ni ƙanin ubansa na ce ya ɗauki ta farko. Ya dubi furfurata ya ce, "Baffa, wannan fa ba rediyo ba ce." To, madalla.

Ya danna ta biyun. Kafin a kira magariba ta gama jerawa, ta share tsofaffin sunaye ta sa nata.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufin ɗaki. Gidan ya yi tsit. Wani ya sake faɗowa, wuri ɗaya, tazara ɗaya, kamar ana aunawa.

Ƙanwarsa Khaulat tana tankaɗe. Ta ajiye rariya a hankali, ta juya fuskarta wajen kogi, ta buɗe baki: "Au... Au... Au..." Ko numfashi babu a tsakani. Kwana uku ba ta furta komai ba sai wannan, kuma duk faɗuwar rana duwatsun su dawo.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka ɗauko Malam Abdulbaƙi daga Indabo. Ya daɗe yana karatu a kanta, sannan wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Uwa ce. Ƙarƙashin gada nake."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba komai. Yayanta ne. Na ƙwala wa Autana kira ya shigo gida, shi kuma ya tare kiran da ƙarfensa ya tafi da shi. Rabin sunan ya rage a bakina. Yaro yana can cikin ruwa bai ji ba. Na yi haƙuri, na ce zai mayar. Sai ga na'urarsa ta jera ni cikin kwaɗi." Muryar ta yi ƙasa. "Cikin kwaɗi, Malam."

"Za a goge, ki fita."

"In ya goge, kiran ya mutu. Sai in riƙe wannan a madadin nawa."

"Ki ji tsoron Allah, ki ba mu kwana bakwai."

"Yau. Kafin jan sama ya ɓace."

Mudassir ya buɗe gidan kwaɗin a kwamfutar. Sauti ɗari uku da sha ɗaya, ba mai suna sai lamba.

Aka rufa wa Khaulat zane, aka sauka bakin kogi da kwamfutar. Yana danna su ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana tsaye ido a kakkafe tana girgiza kai. Ni na riƙe fitila, kuma sharri ake mini da ake cewa sau biyu fitilar ta faɗi daga hannuna. Sau ɗaya ne.

Jan sama ya koma kamar zare. Kwaɗin gaske suka fara amsa wa na cikin na'ura, har ba a rarrabewa. Malam Yahuza ya riƙe hannun 'yarsa, ya ji shi sanyi ƙalau kamar an tsamo daga randa.

A na ɗari biyu da casa'in, can bayan kukan kwaɗi, wata siririyar murya ta ja: "Autaaa."

Komai ya ɗauke, har ruwan. Daga tsakiyar kogi, inda ko kwale-kwale babu, aka amsa:

"Na'am, Inna."

Khaulat ta yi atishawa sau uku, ta sulale a kan yashi. Da ta buɗe ido ta dubi uban nata, ta dubi ruwan, ta ce da muryarta:

"Baba, ashe ɗan ƙarami ne. Duk jikinsa rawa yake."