Shirun da Tabawa Ta Ƙera

Injiniya Tabawa ta danna maɓallin Shanye-Ƙara, nan take tafkin da ke kan Dutsen Kurra ya yi tsit. Kukan tsuntsaye ya ɗauke, haka ma rugugin motocin sama da ke sintiri can ƙasa a birnin Sabon Yelwa. Na'urar ba ta fi tulu girma ba. Duk sautin da ya taso sai ta cafke shi, ta tura masa akasinsa, su kashe juna a iska.

Kamfaninsu na son kafa ta a kowace unguwa. Amma maganar Allah, saboda mijinta ta ƙera ta. Malam Barau rediyo mai jini ne. Tun da suka kafa tanti da safe yake zuba. Kafin ta danna maɓallin ma, cewa ya yi:

"Injiniya, kin san ni jikan masunta ne?"

"To jikan masunta, ga kwalekwale can. Don Allah Malam, je ka, kunnena ya huta."

Ya ɗauki filafili ya tafi yana dariya. Ita kuma ta kunna na'urarta, ta miƙe a tabarma. Kai, shiru da daɗi!

Daɗin bai daɗe ba. Kunnen da ya saba da muryar mutum, in ya rasa ta, sai zuciya ta ƙi kwanciya. Ta ɗaga kai. Kwalekwalen a kife yake tsakiyar ruwa, Malam ya rungume shi, baki wangame, ko ƙis ba ya fita. Ga masu ceto nan kusa, sun ba ruwa baya suna shan shayi.

Ta ƙwala ihu, na'urar ta shanye. Ta kai hannu ta kashe ta, maɓallin ya gagare ta. Sai ta sunkuci dutsen murhu ta rotsa aikin da ta yi shekaru tana yi.

"Tabawaaa!"

Duwatsu suka amsa. Masu ceto suka zabura.

Da la'asar yana cikin tanti, duƙunƙune a bargo, haƙoransa na kaɗawa. Bai ce uffan ba, wannan shirun kuwa ya fi komai ba ta tsoro. Waya ta yi ƙara, kamfani ne ke tambayar yadda gwaji ya kasance. Ta kife wayar, ta matso kusa da shi, idonta ya ciko.

"Malam, yi magana mana. Ko labarin masuntan nan ne, ina ji."