Jan Zaren Umma

"Wallahi yau ba zan kalle ka ba, Badamasi. Tun la'asar nake zaune a zauren nan kamar mai gadi!"

Hidaya ta yi maganar idonta na kan tsinkayen saƙarta, ta turo baki gaba, amma duk wanda ya san ta ya san fushin iyakarsa leɓe. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a zance ya koma na rana, Gwaggo Laraba kuwa, ƙanwar mahaifinta da ta riƙe ta a Rano tun rasuwar iyayenta, ta ƙara nata a kai: da an kira magariba saurayi ya kama gabansa. Iyakarsa zaure. Ko inuwar Badamasi ba ta taɓa ƙetare labulen da ya raba zauren da tsakar gida ba.

Ya jingine babur ɗinsa, ya zauna a can bakin tabarma yana murmushi.

"Haba rabin raina... ruwa ne ya tsare ni a Kibiya. Dubi ƙafar wandona."

"Ni ba ruwana da wandonka."

"To mene ne wannan da kike turawa ƙarƙashin hijabi?"

"Ba naka ba ne!"

Nasa ne mana. Suwaita ce ruwan toka, ta ango, hannu ɗaya ya rage mata, kuma so take ta gama kafin bikinsu da aka sa bayan ƙaramar salla. Hidaya da saƙa sai Allah. Ba sayarwa take ba, so ne kawai. Babu jaririn da za a haifa a unguwar bai sami hula da safa daga hannunta ba. Rediyon Gwaggo na da riga, filas ɗin shayi na da riga, har Gwaggon kan ce in aka ƙyale yarinyar nan sai ta saƙa wa akuya safa.

"To ajiye fushin, albishir na kawo," in ji shi. "Jumai ta sauka. Namiji!"

"Kai! Alhamdu lillahi! Ka ga ka zama kawu, sai a rage tsokana."

"Kuma Inna ta aiko ni wurin surukarta."

Hidaya ta rufe fuska da gefen hijabi. Ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya kwance a hankali. 'Yar rigar sanyi ce ta jariri, ruwan ɗorawa da ya koɗe, asu ya ci hannunta ɗaya.

"Ta ce ki gyara, ranar suna a sa wa jikanta. Tawa ce fa. Da ita aka goya ni."

Dariya ta ƙwace mata. "Kai ne ka taɓa shiga nan? Da wannan kan naka?"

"Ki tambayi Inna! Lokacin muna ruga a bayan Nariya ne, kafin Baffa ya zauna a Unguwar Gai ya kama noma. Ina jariri Inna ta kwanta ciwo, ruwan nono ya ɗauke, na yi ta kuka har na fara shiɗewa. Sai wata baiwar Allah da Inna ke kai wa man shanu, matar wani malamin gona, ita ma tana goyo, ta ɗauke ni ta haɗa da nata ɗan tana shayar da mu har Inna ta miƙe. Ita ta saƙa min wannan. Da damina ta wuce muka tashi, shi ke nan. Ko sunanta Inna ba ta sani ba, Matar Malam kawai take ce mata. Kullum sai ta yi mata addu'a."

Yana magana Hidaya na juya rigar, kamar yadda duk mai saƙa ke yi in ta ga aikin wata. Ta kifar da wuyan don ta ga yadda aka rufe shi.

Gabanta ya yanke ya faɗi.

A cikin wuyan, inda ido ba ya kaiwa, an ja layi guda na jan zare. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai yin haka, kuma a wurinta ta koya. Ummanta, Barira. Baban Hidaya kuwa malamin gona ne, kuma a Nariya ya fara aiki.

"Hidaya? Lafiya? Ko aikin ya fi ƙarfinki ne?"

"A'a... kaina ne ya sara."

"Sannu abar ƙaunata. Ki daina ƙure ido a kan zare."

Aka kira magariba, ya tashi yana mata dariya, ita kuwa ta ƙulle rigar ta shige gida.

Tana idar da salla ta jawo tsohuwar akwatin Umma daga ƙarƙashin gado, tana roƙon Allah Ya sa idonta ne ya yi mata gizo. A can ƙasa ta same ta. Ruwan ɗorawa, zubi ɗaya, girma ɗaya, jan zare a wuya. Ta shimfiɗa su biyun a kan gado, babu abin da ya raba su sai cin asu.

Muryar Umma ta dawo mata, ranar da take koya mata riƙon tsinke tana 'yar yarinya: "Biyu na saƙa. Ɗaya ta yayanki Amiru, Allah Ya ji ƙansa, ɗaya ta ɗan Fulanin da na shayar tare da shi. Kina da wani yaya a duniya, Hidaya, Allah kaɗai Ya san inda shanu suka kai shi."

Ashe nan kusa suka kai shi. Ashe har ƙofar gidansu suka kawo shi.

Ba sai ta tambayi kowa ba, a Islamiyya an karantar da su: wanda ya sha nonon uwarki ɗan'uwanki ne, babu aure tsakaninku har abada. Ta toshe bakinta da zanin gado don kada Gwaggo ta ji.

Washegari bayan azahar Gwaggo ta tafi barka maƙwabta, hadari ya haɗo, gidan ya yi tsit. Hidaya ta zauna da rigar Badamasi a cinya, zuciyarta na raɗa mata abin da ba ta taɓa zaton za ta saurara ba. Wa ya sani? Umma ta rasu, Baba ya rasu. Inna ba ta san suna ba. Badamasi bai san komai ba. Zare ne kawai, ita kuwa warware zare ai aikinta ne.

Ta sa bakin tsinke ta ɗago shi, ta ja. Ya tsufa, bai yi gardama ba, ya zare gaba ɗaya ya kwanta a tafin hannunta.

Shi ke nan. Babu shaida.

Ta jawo suwaitar ango don ta ɗan sami abin da zai ɗauke mata hankali, tana juya wuyan ta ga nata jan zaren, wanda ta ja da hannunta tana murmushi. Shi ma sai ta cire ke nan. Da na hulunan yaran unguwa. Da na duk rigar da za ta saƙa wa 'ya'yanta, don kada wata rana Inna ta kifar da wuya ta gani. Sai ta cire Umma daga hannunta kakaf, ta zauna da ɗan Umma a matsayin miji, tana kallon gabas sau biyar a rana da wannan a ranta.

"Wayyo Umma..." ta faɗa da ƙarfi. "Taimako kika yi fa! Rai kika ceta! Me ya sa ni zan biya?"

A haka Gwaggo ta same ta, ruwa na zuba a waje, ita tana durƙushe tana mayar da jan zaren inda ta cire shi.

"Ke! Wa ya mutu?"

"Ni ce, Gwaggo."

Ta ajiye mata rigunan biyu, ta faɗa mata komai. Gwaggo Laraba, wadda bakinta ba ya mutuwa, ta sulale ta zauna a ƙasa tana salati. Da ƙyar ta ce, "Ɗauko hijabinki gobe. Unguwar Gai za mu."

"Gwaggo, gidan surukai? Ni?"

"Kunyar surukai ta ƙare, 'yar nan."

Sun sami gidan cike da ƙamshin kunun kanwa da kukan jariri. Gwaggo ta ja Inna ɗaki, ta shimfiɗa rigunan a gabanta. Tsohuwar ta dube su, ta shafa wannan ta shafa waccan.

"A ina kuka sami ta biyun? Ta ɗan Matar Malam ce wannan! Ita fara ce, mai wushirya, in tana saƙa tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa..."

"Ummata ce," in ji Hidaya. "Sunanta Barira. Ta rasu."

"Allahu Akbar! 'Yar Matar Malam!" Inna ta rungume ta tana kuka tana dariya. "Na neme ta, wallahi na neme ta! Ashe jininta Allah zai kawo min gida! Jumai! Zo ki ga 'yar wadda ta shayar da..."

Hidaya ta ji hannuwan da ke riƙe da ita sun saki a hankali. Inna ta ja baya ta dube ta, ta dubi Gwaggo, sai ta ɗora hannu biyu a ka.

"Inna lillahi... Ni na aika da ita. Da hannuna na ƙulle ta na ba shi."

Manya suka zauna, aka kira liman, bai faɗi abin da ba a sani ba. Aka mayar da kayan sa rana ba tare da kowa ya ɗaga murya ba, don babu wanda za a yi wa faɗa. Wannan ya fi komai ci wa Hidaya rai. Da akwai mai laifi da ta sami wanda za ta tsana ta ji sanyi.

Ta daina cin abincin kirki, ta rame ta yi zuru-zuru. Amma tsinke bai bar hannunta ba. Ta ƙarasa hannun suwaitar tana share hawaye da gefen zani, ita kanta ba ta san don me take ƙarasawa ba.

Sai bayan suna ya zo. Ta ji tsayuwar babur ɗin, ta fito zaure da suwaitar a naɗe. Ya faɗa, idanunsa sun yi ja, ko zama bai yi ba.

"Tun a ranar kika gane, ko?"

"Tun a ranar."

"To me ya sa kika faɗa? Me ya sa, Hidaya? Da kin yi shiru wa zai sani?"

"Na gwada, Badamasi! Wallahi na gwada! Har na zare shi... na kasa."

"Da kin ƙone ta! Da kin ce ɓera ya ja ta!" Ya dafe bango, ya runtse ido. "Astagfirullah... Astagfirullah. Ki yafe min. Ban san abin da nake faɗa ba."

"Na sani."

"An ce min in yi murna wai na sami 'yar'uwa. Ta yaya? Ki faɗa min yadda ake yi, ke da kika iya warwara. Ta ina ake kamo bakin zaren abin da ke nan?" Ya bugi ƙirjinsa.

"Da na sani da na fara da nawa."

Ta miƙa masa suwaitar. Ya ƙi karɓa.

"Ta ango ce. Ni ba ango ba ne."

"Da awonka na saƙa ta, ba za ta shiga kowa ba. Umma ta saƙa maka ta farko, ni na saƙa maka ta biyu. Ka karɓa don Allah, ka hau babur da ita in ana sanyi."

Ya karɓa, ya kifar da wuyan kamar yadda ya ga ta yi. Da ya ga jan zaren sai kafaɗunsa suka fara rawa.

Ladan ya kira magariba. Da ma lokacin tafiyarsa ke nan, ya juya zai fita kamar kullum. Sai labulen ya motsa, Gwaggo ta ɗage shi har sama, abin da ba ta taɓa yi ba, fuskarta jiƙe da hawaye.

"Ina za ka? Shigo ciki, Badamasi, ka yi alwala ka ci tuwo. Ai gidanku ne yanzu."

Sau nawa ya yi wa Hidaya wasa cewa ranar da ya ƙetare labulen nan sai ya yanka rago? Ya tsaya yana kallon tsakar gidan da ya daɗe yana kwatantawa a ransa, ga turmi, ga randa, ga igiya an shanya 'yan safofin jarirai. Ya tuɓe takalmansa a hankali, ya shiga da suwaitar rungume a ƙirji.

Hidaya ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye buta a gabansa. Ta durƙusa kamar yadda ake yi wa na gaba. Muryarta ta fito a dishe.

"Sannu da zuwa... Yaya."