Tsohon Kati a Cikin Saba

Sufeto Jibrilla bai gama gyara zama a ofishinsa na garin Isa ba, Alhaji Nasiruddeen ya shigo, hula a hannu, yana haki.

"Yallaɓai, so nike a kama mini wata yarinya."

"Zauna, Alhaji. Mi ta yi?"

"Ta kashe mini saba, babbar na'urar cibiyata."

Alhaji Nasiruddeen shi ne mai Cibiyar Taurari, inda ɗalibai ke rubuta jarrabawa a kwamfuta. Babu irinta a duk yankin. Daga Sabon Birni, Kurawa da Bafarawa ake kawo yara a kan babura. Gobe za a fara jarrabawar shiga jami'a, kuma yau bayan la'asar jami'an hukumar jarrabawa za su zo gwaji na ƙarshe. In cibiyar ta faɗi gwajin, za a tura ɗaliban Sakkwato.

"Ka san halin hanyar nan," in ji Alhaji. "Rabin iyayen ba su barin ɗiyansu su bi ta. Shekara guda ta tafi a banza ke nan."

"Mi ya sa ka ce ita ce?"

"Ita kaɗai ke taɓa na'urar. An ce mini wata cibiya a Sakkwato na zawarcinta."

"Wa ya ce maka?"

"Magana ce dai ke yawo."

Sufeton ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Rukayya, suka fita.

Ɗakin sabar ƙarami ne, a bayan babban zauren jarrabawa. A ciki suka tarar da Nusaiba, injiniyar cibiyar, zaune gaban wani allo. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"Yi mini bayani kamar ban taɓa ganin kwamfuta ba," in ji sufeton.

Ta dafa wani dogon akwatin ƙarfe da ke gurnani a hankali. "Wagga ita ce saba, uwar duk kwamfutocin zauren. Ƙarfe ɗaya ce, amma akwai manhajar da ke raba ta gida huɗu, kowane gida ya zama kamar kwamfuta mai zaman kanta. Ɗaya na riƙe da tambayoyi, ɗaya na karɓar amsoshi, ɗaya na tantance ɗalibai, ɗaya na ajiyar ko-ta-kwana. In manhajar da ta raba su ta faɗi, duka huɗun sun tafi."

"Nuna mini yadda take faɗuwa."

Ta tada sabar, ta sa aka kunna layi ɗaya na kwamfutocin zauren. Lafiya lau. Aka ƙara layi na biyu, da na uku. Ana kunna sauran, allon gabanta ya rikiɗe ya zama shunayya, fararen rubutu suka cika shi. A zauren kuwa komai ya tsaya cik.

"Haka take yi tun shekaranjiya," in ji Nusaiba. "Ba ta faɗuwa sai an ɗora mata kaya."

"Wa ke da kalmar sirrin shiga manhajar?"

"Ni kaɗai."

"Mi ke kawo irin wannan?"

"Zafi na kawo shi. Wutar da ba ta tsaya daidai ba na kawo shi. Ko wani abu a cikin ƙarfen da ba su jituwa da manhajar."

Sufeton ya share goshinsa, ya dubi tafin hannunsa. Gumi ne. Ya ɗaga kai ya dubi na'urar sanyaya ɗaki, ya ga a kashe take, kuma wayarta na naɗe da sabon salatif.

"Wa ke kula da wuta a nan?"

Aka kira Hafizullahi, mai haɗa sola. Ya shigo yana murza hannu.

"Yaushe rabonka da ɗakin ga?"

"Na daɗe, yallaɓai. Ni aikina a kan rufi yake."

"To wa ya naɗe waccan wayar?"

"Ban sani ba."

Sufeton ya miƙa hannu, ya zaro ƙullin salatif da ke leƙowa daga aljihun rigar Hafizullahi, ya kara shi da wayar. Launi ɗaya, faɗi ɗaya.

"Sake tunawa."

Hafizullahi ya sunkuyar da kai. "Batura ne sunka yi rauni. Na ji tsoron in faɗa wa Alhaji, don ni na kawo su. Sai na cire na'urar sanyi daga kansu, na maida ta layin janareta. Wallahi ban taɓa saba ba."

"Maida ta yadda take, yanzu."

Ya maida. Suka jira ɗakin ya yi sanyi ƙalau, aka tada janareta don kada a zargi batura, sannan Nusaiba ta sake gwaji. Ana kunna layin ƙarshe, allon ya sake komawa shunayya.

"To, ba zafi ba ne, ba wuta ba ce," in ji sufeton. "Saura na ukun." Ya sallami kowa ban da Nusaiba, ya ce Kofur Rukayya ta rufe ƙofa.

"Wancan rubutun da ke kan allo, mi yake cewa?"

Nusaiba ta buɗe wayarta. "Masu manhajar suna da shafi inda suke bayyana matsalolin da anka riga anka sani, da maganin kowace. Na duba tun ranar farko. Rubutun ya yi daidai da wata matsala ta katin sadarwa, wato abin da ke haɗa saba da kwamfutocin zaure. Akwai wani samfurin kati da ba su shiri da wagga manhaja. In aiki ya yi yawa, sai ya kada ta."

"To ai kin samo ciwon."

"Ba namu ba ne. Mun taɓa amfani da irin katin, ya wahal da mu bara. Da hannuna na cire shi, na sa sabo. Shi ya sa na tsallake wurin, na koma neman wani dalili."

"Kin buɗe kin gani?"

Ta girgiza kai.

"Malama, ni ban san kwamfuta ba. Amma in shaida ta nuna mini gida, ba na cewa ai mai gidan ya yi tafiya. Shiga nike yi in duba."

Ta kashe sabar, ta kwance murfin. Ta haska ciki da fitilar waya, sai hannunta ya tsaya. Can gefe, wani koren kati na zaune a raminsa, da jan gicciye a kusurwarsa.

"Ni na yi wannan alamar," ta ce a hankali. "Ranar da na cire shi, don kada a sake amfani da shi. An ɗauke sabon, an maido wannan."

"Madalla. Yanzu muna da sata, muna da ɓarna. Ko wane ne zai iya sauya shi?"

"Sauyawa ba wuya. Amma in an sa wani kati, dole a shiga manhajar a nuna mata shi, in ba haka ba ko kwamfuta ɗaya ba ta haɗuwa."

"Da kalmar sirri ke nan. Wadda kinka ce ke kaɗai ke da ita."

Nusaiba ta dubi Kofur Rukayya, ta dubi ƙasa.

"Na yi ƙarya, yallaɓai. Watan jiya na je suna Sabon Birni, wuta ta ɗauke, saba ta ƙi tashi. Alhaji ya kira ni, ya buɗe muryar waya, na karanta masa kalmar. Ya kamata in sauya ta da na dawo, ban yi ba. Kunya ta hana ni faɗa."

"Wa ke tare da shi lokacin?"

"Na ji muryar Hafizullahi. Malami kuma, tsohon ma'aikacinmu, shi ya danna haruffan."

"Maida murfin. Bar katin inda yake. Abin da munka gani ya tsaya tsakaninmu mu uku."

Malami dattijo ne mai furfura a gemu. Shi ya shimfiɗa wayoyin cibiyar tun tana shago ɗaya, shi ne kuma mai kula da na'urori kafin a ɗauko Nusaiba. Yanzu aikinsa jera kujeru da duba linzaman kwamfuta. Sufeton ya same shi a sito.

"Kana shiga ɗakin saba?"

"Ni? Tun da anka kawo mai digiri, ko ƙofar ban taɓawa. Waɗanga na'urorin zamani sun fi ƙarfina."

"Amma kai ka danna kalmar sirri watan jiya."

"Ana faɗi ina dannawa. Kafin in miƙe na mance."

Sufeton ya zagaya idonsa kan tarkacen da ke siton. "In abu ya lalace a cibiyar ga, ina ake kai shi?"

"'Yan gwangwan muke ba. Katin nan ma tun bara sunka tafi da shi."

"To, na gode, Malam."

Da suka fito, Kofur Rukayya ta matso. "Yallaɓai, ba ka ce masa kati ba."

"Ban ce ba."

"In kama shi?"

"Da wace hujja? Zai ce tuntuɓen baki ne. Sabon katin nike so, kuma a hannunsa nike son ganinsa. Da sayarwa ya yi niyya, da bai tsaya maido tsohon ba, har ya saita shi. Wanda ya yi haka yana son a ga cuta ne, don a nemi mai magani."

Ana idar da sallar azahar ya tara ma'aikata a zauren. Ya yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Za ni tafi da Nusaiba ofis, akwai tambayoyin da ba ta amsa ba. Saba kuwa, Alhaji, ba aikin ɗan sanda ba ne. Ka nemi mai gyara kafin baƙinka su iso."

Kofur Rukayya ta kama hannun Nusaiba suka fita. Alhaji ya dafe kai.

"A ina za ni samu injiniya kafin la'asar?"

Motar 'yan sanda ta tashi, ta fita daga harabar. Sai da ƙararta ta ɓace Malami ya yi gyaran murya.

"Alhaji, in ka yarda, bari in gwada. Na san na'urar nan tun tana cikin kwali. Amma a bar ni ni kaɗai, ba na son hayaniya."

"Malami, in ka tashe ta, ka fidda ni kunya."

Motar ba ta yi nisa ba. Bayan katangar cibiyar ta tsaya. Sufeton ya sauko, Kofur Rukayya da Nusaiba na biye da shi, suka shiga ta ƙofar ɗakin janareta. Ya tsaya bakin ɗakin saba yana saurare. Gurnanin na'urar ya mutu. Sai ƙarar sukurdireba, sai ƙarar murfi da aka ajiye a ƙasa.

Ya tura ƙofar.

Malami na durƙushe gaban sabar. Tsohon katin mai jan gicciye na kan tebur. A hannunsa akwai wani kati, rabi a cikin leda, rabi a waje.

"Sannu da aiki, Malam. 'Yan gwangwan ne sunka dawo da shi?"

Alhaji da sauran ma'aikata suka taru a bakin ƙofa. Nusaiba ta matso, ta dubi abin da ke hannunsa.

"Shi ne namu."

"A kasuwa na saye shi," in ji Malami, murya can ƙasa.

Sufeton ya ce, "Tsakanin azahar da yanzu? Ba ka fita harabar ga ba. Kuma babu wanda ya ce maka kati ne matsalar. Ka shigo, ba ka duba allo ba, ba ka gwada komi ba, ka tafi kai tsaye inda ciwon yake."

Dattijon ya zauna dirshan a ƙasa.

"Ni na yi. Ranar da ta cire tsohon, ta yi mini bayanin cutarsa, na ajiye shi. Ban yi niyyar hana yara jarrabawa ba, Allah ya sani. Cewa na yi in ta kasa, Alhaji zai juyo ya tuna akwai ni. In tashe ta gaban baƙi, a san ban mutu ba." Ya ɗaga ido ya dubi Alhaji. "Ni na ja waya ta farko a gidan ga. Yau kujera nike jerawa."

"Maganar cewa ana zawarcinta a Sakkwato fa?" in ji sufeton.

"Ni na fara ta."

Alhaji ya jingina da bango.

"Kati kam ka zo maidawa," in ji sufeton. "Ita kuwa ka tsaya kana kallo anka fita da ita gaban jama'a a matsayin mai laifi, ba ka ce komi ba. Tashi."

Ya karɓi katin, Kofur Rukayya ta ɗauki hotonsa ta gaba da ta baya, sannan ya miƙa wa Nusaiba.

"Shaida ce, amma yara sun fi kotu buƙatarta yau. Sa shi. Tsohon za ni tafi da shi."

Ta zura katin a raminsa, ta rufe murfin, ta shiga manhajar ta saita shi, ta sauya kalmar sirri ba tare da kowa ya tuna mata ba. Aka kunna layi na farko, na biyu, na uku, har na ƙarshe. Ta sa kowace kwamfuta ta ja tambayoyin gwaji a lokaci guda. Sufeton ya tsaya bayanta yana kallon allon. Bai sauya launi ba.

"Za ta riƙe?"

"Za ta riƙe, in sha Allahu."

Alhaji ya matso yana murza hula. "Nusaiba, ɗiyata, ni ban san da wane baki..."

"Alhaji, a bari sai an gama jarrabawa. Ina da maganar da za ni yi da kai, ba ta tsaye ba ce."

Kofur Rukayya ta fito da ankwa. Sufeton ya dubi furfurar Malami, ya girgiza mata kai. Suka sa shi a tsakiya suka ratsa zauren, tsakanin kwamfutocin da ke haske layi-layi. Malami bai dubi ko ɗaya ba.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da farar motar jami'an hukumar tana shigowa. Sufeto Jibrilla ya ɗaga musu hannu, ya nuna musu zauren, sannan ya buɗe wa Malami ƙofar baya ya ce ya shiga.