Sanarwar da ta Ɗage Auren Lailatu

Lailatu na tsakar gida tana tankaɗe, sai ga mahaifinta Malam Nababa ya faɗo ko sallama babu, waya a hannu.

"Ke Lailatu! Uban wa ya ba yaron nan izinin buga wannan?"

Ta karɓi wayar. Amon Gari ne, shafin labaran Birnin Gwari da saurayinta Salmanu ya kafa a intanet. Ya sha wuya a kansa, shago-shago ya bi yana lallashin mutane su zama mambobi, ya ƙulla da teloli da masu hoto suna sa talla. Yanzu ya ƙirƙiro sashen bukukuwa, don tsabar zumuɗi kuma ya buɗe shi da nasu: ga hotonta, ga rana, ga lokacin da motocin amarya za su kama hanyar Kakangi.

"Baba, wallahi ban sani ba—"

"Rufe min baki! Ƙasar da ko maƙwabci ba a gaya wa ranar ratsa daji, shi ya yi wa duniya shela! 'Yan bindigar cikin dajin ba su da waya ne? An fasa auren!"

Da jin labari, Salmanu ya iso a guje ya durƙusa a zaure. Maimakon ya ja bakinsa, gogan naka sai ya hau bayani.

"Baba, ai jama'a sai danna wa sanarwar lakin suke yi, yau kaɗai sababbin mambobi—"

"Masu lakin ɗin ne za su karɓo min 'yata in an shige daji da ita? Tashi ka ba ni wuri!"

Lailatu ta tare shi a ƙofa, hawaye shaɓe-shaɓe, amma muryarta ko rawa ba ta yi.

"Ka mai da ni talla, Salmanu. A hanyar nan aka ɗauke Yaya Suhaibu. Har yau Inna ba ta daina ajiye masa tuwo ba, kuma ka sani!"

Nan kunya ta rufe shi. Ya goge sanarwar, ya kafa doka: ba za a ƙara buga biki ba sai amarya ta sauka. Masu hoto suka fusata suka janye tallarsu. Mambobi suka yi ta zarewa, abokai na yi masa dariya wai ya rasa mata ya rasa shafi. Ita kuwa Lailatu, duk haushinsa da take ji, manemin da ya zo sai ta ce kanta ke ciwo.

Sannu a hankali mutanen ƙauyukan Kazage da Saminaka suka gane ga shafin da ya san halin da suke ciki, suka shigo da kansu. Malam Nababa na lura da komai.

Sai bayan kaka ya aika aka kira Salmanu, fuskar nan a murtuke.

"Gobe ka zo da waliyyinka. In na ga waya a hannunka, na fasa."

Aka ɗaura, aka kai amarya ba ganga ba hon ɗin mota. Inna kuwa ta kafe a bakin ƙofa, ko ruwa ta ƙi sha, har Malam Nababa ya buɗe Amon Gari ya karanta mata layi ɗaya: "Lailatu ta sauka lafiya." Sannan ta zauna ta fashe da kuka.

'Yan'uwa, haƙuri da karɓar gyara su suka ceci auren nan. Duk mai sonki da gaske, ranki ya fi masa sunansa.