Tambayar da Koci Ya Yi wa Auta

Ranar da Koci ya fara ganinta, faɗa ta zo yi masa. Yana tsakiyar filin ƙwallon kwando na makarantar sakandare, usur a baki, sai ga sabuwar ma'aikaciyar jinya cikin farar riga ta tsaya a bakin layi, ta riƙe ƙugu.

"Malam, ɗakin jinya yana bayan bangon nan, ina da mai ciwon kai a kwance. Usur ɗin naka ba ya gajiya ne?"

Ya cire shi a hankali. "Yi haƙuri, Nas. Maganarsa kaɗai yaran nan suke ji."

"To kai ka ji tawa."

Ya ji kuwa. Daga ranar, yaro ko ƙwarzanewa ya yi, Koci da kansa yake rako shi ɗakin jinya. Ta gane, ta yi kamar ba ta gane ba. Wata rana ta tura masa saƙo: "Mai usur, filastata ta ƙare saboda kai. In gaisuwa ce ka zo kai kaɗai."

Ya amsa: "Likitata, ni ma ba ni da lafiya. Kunyar faɗa nake ji."

Kafin shekara ta zagayo har Babanta ya san da maganar aurensu, kuma bai ƙi ba. Ƙaninta Auta shi ne gwanin yaran Koci, shekararsa sha shida, in ya yi tsalle sai ka ce ba zai sauko ba.

Koci yana da wata ɗabi'a da yake alfahari da ita. Ba ya tilasta wa yaro shiga fili. Tambaya yake yi: "Za ka iya?" Yana ganin adalci ke nan. Bai taɓa lura cewa ba a taɓa ce masa a'a ba.

Saura kwana biyu wasan ƙarshe na cin kofi, gwiwar Auta ta kumbura. Nas ta duba, ta rubuta takarda: hutun mako uku. Ta kawo masa da hannunta.

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi, Likitata. A benci zai zauna."

Ranar wasa, saura minti huɗu, an fi su da maki biyar. Koci ya waiwaya benci. Takardar tana aljihunsa.

"Auta, za ka iya?"

Auta ya miƙe.

Sun ci kofin. A tsalle na ƙarshe Auta ya zura ƙwallo, ya sauko a kan ƙafar mai ciwo, jijiyar gwiwar ta tsinke. Ana ihun murna, yayarsa tana durƙushe a kansa. Ko sau ɗaya ba ta kalli Koci ba.

Baba ya aiko cewa kada ya ƙara taka masa ƙofar gida. Ita kuma saƙo ɗaya ta turo: "Ba gwiwarsa kaɗai ka karya ba. Kada ka kira ni." Ta nemi canjin wurin aiki, aka ba ta.

Shekara biyu Koci yana shiga ofis yana juya wa kofin baya. Ya daina waccan tambayar. In takardar jinya ta ce hutu, to hutu ne. A shekara ta biyu ya zaunar da gwaninsa saboda targaɗe, aka cire su tun zagaye na biyu, shugaban makaranta ya yi mako ba ya amsa gaisuwarsa. A lokacin ne ya ji wani mai kantin magani yana zuwa wurinta, da mota, da turare. Ya rubuta mata saƙo ya fi ashirin, duk ya goge.

Rannan da hantsi Auta ya shigo fili yana ɗingishi.

"Koci, na gyara maka hanya. Na ce wa Baba ni na nace, ka hana ni na ƙi ji. Ya sauko. Yaya ma ba son mai maganin nan take yi ba, in ya zo har barcin ƙarya take yi. Kai dai ka ce haka ne."

Koci ya bi shi gidansu. Baba yana zaune a falo, ita tana tsaye a bakin ƙofa.

"Yaron nan ya ce laifinsa ne," in ji Baba. "Haka ne?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ita. Ya dubi ƙafar Auta, wadda har yau ba ta lanƙwasuwa sosai.

"Ba haka ba ne, Baba. Ni na tambaye shi. Kuma yaro ba ya ce wa kocinsa a'a. Na san da takardar, tana aljihuna. Kofin nake so."

Baba ya ce, "Tashi ka je."

Ya tafi, ya tabbata shi ke nan.

Bayan kwana tara wayarsa ta yi ƙara. "Baba ya ce gobe ka turo manyanka. Ya ce shekara biyu yana jira ya ji ka faɗa da bakinka. Ni ma haka. Ban gama jin haushinka ba fa."

Ya karanta sau uku kafin ya iya rubutawa: "Ki ji haushina a gidana, Likitata. Zan jure."

Ranar ɗaurin aure Auta ne ya yi ta kai da kawo, yana jan ƙafa yana tsokanar ango. Duk takun da ya yi, Koci yana jin sa a ƙirji. Ya san ba zai daina ji ba.

Baba ya kama hannunsa, ya daɗe bai saki ba.

"Ɗaya na ba ka a da, ka dawo mini da shi da rauni. Ga ta biyu."

Koci ya share hawaye.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Baba. "Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Amarya, daga bayan mahaifinta, ita ta fara cewa amin.