Haƙori a Kwalba

"Haƙori?!" Anti, matar Yaya, ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. "Samarin mutane na ba da zobe, ke naki haƙori ya miƙo miki a kwalba?"

Auta ta ɓoye kwalbar a bayanta. Wallahi ita kanta ba ta sani ba ko Dogo saurayinta ne.

Tun bara suke aiki tare a asibitin haƙori. Ita bincikenta na kammala karatu take yi: ta huda haƙoran da aka cire, ta yi musu ciko, ta jiƙa su a rini. Shi kuma Dogo, mai kula da na'urar hoto, ya haska cikinsu ya auna inda rinin ya kurɗa ta gefen cikon. Zancensa kullum bai wuce "wannan yana yoyo" ba. To amma wannan kallon da yake mata fa, na mene ne?

Shekaranjiya ta yi kuka a gabansa, saura lafiyayyen haƙori ɗaya samfurinta ya cika, ta rasa. Yau ya dire mata kwalba ya wuce, fuska cikin takunkumi, ko sannu babu.

"Auta, na gaji da jira," in ji Yaya, wanda shi ne uba tun rasuwar Baba. "Abokina mai kantin magani ya fito da gaske. In dogon nan yana da magana ya zo, in babu zan amsa wa mutane ƙarshen mako."

Washegari nas ɗin ɗakin cire haƙori, wadda kullum ke kai wa Dogo shayi ba tare da ya roƙa ba, ta tare Auta.

"Haƙorin nan ruɓaɓɓe ne fa ƙawata, a shara ya tsinto miki. Kar ki sa abin a ranki."

Kan Auta ya ƙara ɗaurewa. Tausayi ne? Raini ne? So ne?

Ta banka ƙofar ɗakin hoto da kwalbar a hannu.

"Haska min shi yanzu, kafin in huda."

Dogo ya kunna na'ura. Haƙorin ya bayyana a kwamfuta yana juyawa a hankali, fari tas, ko ɗigon ruɓa babu.

"A ina ka samo?"

Ya kawar da kai, yana gyara takunkuminsa.

"Dogo... cire takunkumin nan."

Ya zare shi a hankali. Kuncinsa ya kumbura suntum kamar burodi.

"Innalillahi! Naka ne?!"

"Na can ƙurya ne... ba na tauna da shi."

"Lafiyarsa ƙalau fa!"

"Ai lafiyayye kika ce kina nema."

Haushi da so suka taso mata lokaci ɗaya, hawaye ya ɓalle.

"Ka iya zama a zare maka haƙori, amma kalma ɗaya ta gagare ka? Aure za a yi min, Dogo!"

Ya miƙe zumbur, kujera ta kife.

"Ina sonki, Autata... Tsoron ki ce a'a ya fi min allura ciwo."

Da yamma sai ga shi durƙushe a falo, yana gaisuwa da rabin baki. Yaya ya saurari labarin, ya dube shi, ya dubi Auta da ke leƙe ta labule, ya girgiza kai.

"Dukkanku ba hankali, kun dace. Na ba ka ita. Amma ka bari kumburin nan ya saɓe kafin ɗaurin aure, kar danginku su ce mu muka dake ka."