Wa Ya Fara Saranda?

Na rantse ba za ku yarda ba, amma yaƙin da ko harsashi ɗaya ba a harba ba ya kusa kashe auren Juwairiyya a Azare.

Tana tankaɗe a tsakar gida yayanta Naziru ya faɗo. "Amarya, ajiye rariyar nan. Baba ya ce an fasa."

Lokacin ana ta cewa ƙasashen yankinmu za su far wa Nijar, musu ya kaure a majalisar dattawan unguwa. Mahaifinsu Alhaji Jalo ya ce in ƙawayen ƙasa suka fita yaƙi dole ta bi, alkawari ne. Malam Zarami, mahaifin angonta Babagana, ya ce ƙannensa na Diffa, su za a harba? Bafillace da Babarbare, kowa ya ɗauka tsokanar da suka saba ce, sai da suka daina gaisawa.

Juwairiyya ta fashe da kuka. "Yaya, ni wa zan bi? Ko inda Diffar take ban sani ba."

"Bar ni da su. Ni da na gagari firinsifal?"

Ya je ya gaya wa Malam Zarami cewa Baba ya yi saranda, kunya ce ta hana shi zuwa. Ya dawo gida ya juya zancen, ya ce wa Baba Malam ne ya yi saranda.

Bayan la'asar dattawan suka haɗu a zaure, kowa ya zo yi wa ɗan'uwansa kara.

"Malam, gaskiyarka ce," in ji Alhaji. "Ba a bin aboki a kashe dangi."

"A'a Alhaji, alkawari fa? A bi su kawai."

"A bi su? Ƙannen naka fa?"

"To ba kai ka ce a bi ba?"

"Ai an ce ka janye."

"Ni? Kai aka ce."

"Wa ya ce?"

Daidai nan Juwairiyya ta turo ƙofa da kwanon fura, sai ga Naziru laɓe, kunne manne da katako.

Malam Zarami ya yi dariya har da hawaye. "Fulani dai! Bawana, a bar ranar yadda take."

Kun ga, wadda ta yi haƙuri, ta ƙi ɗaukar faɗan kowa ido rufe, ita ta tsira da mijinta da iyayenta duka biyu.

Naziru kuwa, hukuncin ƙaryarsa wanke tukwanen biki kaf, a tsakiyar mata, suna yi masa guɗa.